Maganin gargajiya a zangon Kumasi

Salam ɗan uwa na Katsina, naga tambayarka wai mu ƴan zango har yanzu muna shan sassaƙe da jiƙo ko mun watsar. Toh muna sha wallahi, sai dai tukunyar tamu ta zama gauraye, rabi na kakanni rabi na Asantawa. Kakana fataucin goro ne ya kawo shi nan, ni a unguwar Aboabo ta nan Kumasi aka haife ni, kuma har gobe in jiki ya yi wa dattijo nauyi wanzami ake kira ya zo da zabirarsa ya kafa ƙaho a gadon baya, in yaro na firgita da dare a tafi wajen malam karɓo rubutu. Wannan bai canza ba.

Itatuwan ne suka bambanta. Nan ƙasar kurmi ce, sabara da marke da kalgo ba sa fitowa a bayan gida kamar wajenku, sai an kawo busassu daga arewa ta Tamale da Bawku, kafin su iso wani ma ƙamshin ya gudu. Shi yasa iyayenmu mata suka koyi na maƙwabta. Akwai wata saiwa da suke ce wa nibima, cikinta rawaya, ɗaci kamar maɗaci, ita ce ta zazzaɓin cizon sauro, kuma ba a kasuwar Kejetia kawai take ba, cibiyar binciken maganin itatuwa ta Mampong da aka kafa a 1975 tana haɗa ta a kwalba da awo da komai. Jami'ar KNUST ta nan garin tun 2001 take yin digiri a kan maganin ganye, waɗanda suka gama wasunsu suna zaune a asibitocin gwamnati da ɗakinsu daban, a gwada jininka tukuna sannan ka zaɓi ɓangaren da kake so. Abin da muke kauce wa shi ne wanda ake jiƙawa a akpeteshi, giyarsu ta gida, komai yabon da mai talla zai yi a cikin mota sai mun tambaya da me aka jiƙa.

Inda muke fama shi ne hawan jini da ciwon suga. Mahaifiyata ta shekara tana shan ƙwaya lafiya lau, sai ƙawayenta na wajen biki suka ce ai prekese, wani ɗan itace mai ƙamshi da ake sa wa a miya, da sobolo, wato zoɓonku, sun isa. Ta cusa ƙwayoyin cikin kwallar kayanta ba wanda ya sani, kullum da asuba tana dafa prekese gidan ya ɗau ƙamshi mu muna ta murna Hajiya na kula da kanta, ranar nan tana alwala buta ta suɓuce daga hannunta bakin ya ɗan karkace. Allah ya taimaka muka kai ta da wuri. Likitan bai hana ta prekesenta ba, cewa ya yi ta zuba a miya yadda kowa ke yi, amma ƙwaya kullum, kuma duk abin da take sha ta riƙa zuwa da shi ya gani. Yanzu ƙanwata ce ke ƙirga ƙwayoyin duk Juma'a, Hajiya na harararta tana cewa an maida ta jaririya.