Kwanon Tasha

Amaryata, saƙonki ya iso ni lafiya. Kin ce mijinki ya tambaye ki dalilin da ya sa kike rufe tuwo a kwano guda ki ajiye har bayan isha'i kina cewa "na tasha ne", alhali a Jidda kuke, ba wanda zai sauka gidanku daga jirgin ƙasa. Kin rasa amsa. To, ga abin da ya faru da wadda ta bar tsohon miji ta bi yaro! Zauna ki ji.

Kosti da kika sani, garinmu na nan Sudan, ba gari ba ne a da. Bakin kogi ne kawai na Farin Nilu, inda wani ɗan kasuwa mutumin Girka ya kafa shago, sunansa kuma ya bi wurin. Abin da ya tayar da ita dogo ne. Turawan Ingila sun jawo shi daga Hartum ta Madani zuwa Sannar, suka karkata yamma, a 1910 suka gama gadar ƙarfe a kan kogin, wadda ake juya wani ɓangarenta jiragen ruwa su wuce. A 1912 jirgi ya fara kaiwa Al-Ubayyid. Daga nan sai Kosti ta zama mahaɗa: ƙaro da riɗi da gyaɗa daga Kordofan, jiragen ruwa kuma suna tashi daga nan zuwa Juba. Inda kaya ke sauka, 'yan dako da masu abinci ba sa nisa.

Mutanenmu fa? Tun kafin dogo suna ratsa ƙasar nan da ƙafa da jakuna, sun nufi Makka. Bayan yaƙin Burmi a 1903 ayarin ya ƙaru, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa Maiwurno kusa da Sannar. Da jirgi ya zo, mai niyyar Hajji sai ya taka daga Kano ko Barno, ta Wadai da Darfur, har Al-Ubayyid, nan ya hau. Amma kuɗin nasa sau da yawa a Kosti yake ƙarewa. Sai ya sauka ya nemi aiki, ko ya wuce Jazira tsinkar auduga, musamman bayan an gama madatsar Sannar a 1925. Wani ya yi shekara ya wuce Sawakin, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani, irin kakana, ya ce "baɗi in Allah ya so" har aka binne shi a nan.

Jirgin da ke zuwa daga Al-Ubayyid ba shi da lokaci. A ce la'asar, ya shigo tsakar dare. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da ta ji kukansa sai ta tashe ni, in ɗauki fitila in tafi tasha ina cewa "akwai ɗan gida?" da Hausa. Duk wanda ya waiwayo namu ne. Ba a tambayarsa asali sai ya ci ya kwana uku a zaure. Shagunan kasuwa sun rufe, baƙo ba ya jin Larabci, ga mata da yara a bayansa, wa zai ba shi in ba mu ba? Shi ya sa kowane gida a unguwarmu yake rage kwano ɗaya. Cikin waɗannan baƙi wasu suka fara gasa nama a bakin tasha, agashen nan da Larabawa suke rububi yau, da sunansa na Hausa.

A 1959 dogo ya kai Niyala, baƙi suka ƙara yawa. Daga baya jirgin sama ya ɗauke alhazai, kwalta ta ɗauke kaya, garin ya ci gaba da faɗi da sukarin Kenana da manyan motoci, tasha kuwa ta yi shiru. Kakarki ba ta daina ba. Ni kaina na sha yi mata faɗa cewa almubazzaranci ne, tana ba almajirai da safe ta ƙyale ni.

Ba farilla ba ce, kada ki ce wa mijinki addini ne ya wajabta. Amma ni dai a ganina kada ki bari. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 mutanen Hartum suka cika Kosti, kwanon nan bai ƙara kwana da tuwo ba. Yanzu uku muke ajiyewa. Ke ma kina bakin hanyar Makka, ki duba maƙwabta.

Ki gaishe da ɓarawon matata.