Ko fim zai buɗe mana bakin maganar ciwon Baba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min. Mahaifinmu yana fama da ciwon dajin hanta kusan shekara guda, likita ya ja ni gefe ya ce yanzu abin da ya rage sai a rage masa raɗaɗi, amma a gida ba mai son a taɓo zancen, ranar da na fara sai Yaya babba ya ce "ke fatan mutuwa kike masa ne?" Toh shekaranjiya na kalli wani dokumentari a YouTube na wani tsoho a Uganda da aka yi jinyarsa a gida har Allah ya karɓi ransa, na sha kuka amma zuciyata ta yi sanyi. Ya dace in nuna wa 'yan gidanmu?
'Yar'uwarki daga Bolari, Gombe

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya ba Baba sauƙi ya sa kaffara ne. Eh ya dace, amma ba Baba za ki fara nuna wa ba, ki fara da Yaya da Mama.

Kinga mu Hausawa maganar mutuwar wani ta fi mana sauƙi a baki fiye da ta namu, shi yasa fim ɗin gaskiya ke aiki, mutum yana kallon tsohon Uganda ne amma ubansa yake gani, kuma ba wanda zai ce kin yi mugun baki tunda ba Baba kika ambata ba. Abin ma ba sabo ba ne, iyayenmu sun kalli majigi a ƙofar fada ana nuna musu tsafta da rigakafi, an gama a koma gida ana ta hirarsa.

Ni kaina na ga haka lokacin jinyar mahaifiyarmu. Bayan isha'i na kunna wani fim irin wannan na jingina waya da kofin silba a kan tabarma, ni da yayana da matarsa, minti goma sha biyar kacal, ban ce komai ba. Da aka zo inda 'yar mara lafiyan ke jiƙa masa leɓe da auduga sai na ga yayana ya cire hula yana goge ido da ita, can ya ce "Inna ma bakinta bushewa yake." Wallahi daga nan maganar da muka yi wata uku muna gudu ta fito da kanta, har washegari ya shiga ya tambaye ta ko akwai wanda ke binta bashi, ashe akwai, kuɗin adashi ne na wata maƙwabciya, ta daɗe yana damunta ta rasa wa za ta faɗa wa.

Ki zaɓi gajere, kar ki tura a group ɗin gida kowa ya kalla shi kaɗai da daddare, ki zauna tare da su, in turanci ne ki riƙa fassara a hankali. In an gama tambaya ɗaya ta isa: "Da Baba ne, me kuke ganin zai fi so?" Sai ki yi shiru ki bar su.

Shi Yaya kar ki ga laifinsa, tsoro ne. Ki tuna masa cikin ladabi cewa Manzon Allah (SAW) ya ce mu yawaita tuna mai yanke jin daɗi, wato mutuwa, kuma ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Wasiyya ma ai da rai ake yinta, ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya, kuma bashi ake fara biya kafin rabon gado, in Baba bai faɗa da bakinsa ba wa zai faɗa?

Abin da kika gani a fim ɗin yana da suna, kulawar rage raɗaɗi, ba wai an bar mara lafiya ba ne. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, ce ta buɗe gidan irin wannan jinya a Landan a 1967, a Uganda kuma Dakta Anne Merriman ta fara a 1993, suna ba da mofin na ruwa, wani maganin zafi mai ƙarfi, a gida da arha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai na masu bukatar wannan kulawa ke samunta, abin yana min ciwo sosai, don na ga tsofaffi suna cije zani saboda zafi alhali akwai magani, mu kuma muna tsoron wai zai zama ƙwaya. In likita ne ya auna kuma ana bin ƙa'ida, barci da salla yake dawo wa mutum da su.

Don haka ranar komawa asibiti ki tafi da Yaya ya ji da kunnensa, ku tambayi likita maganin zafi mai ƙarfi, da na bushewar ciki don mofin na kawo shi, da kuma wa za ku kira in ciwon ya tashi cikin dare. Ki rubuto min yadda kuka yi, ina jira.