Kafin Ka Miƙa Tsofaffin Lasifikokinka Ga Kafinta

Tambayar wannan makon daga wani ɗan kasuwa ta fito, mai sayar da kayan wuta na hannu a kasuwar Sabon Gari, Kano. Ga abin da ya rubuto:

"Assalamu alaikum. Watan jiya na hauro da kaya daga kasuwar Alaba ta Legas, a ciki har da tsofaffin lasifikokin gida masu akwatin katako, biyu-biyu har kashi shida. Naira 420,000 na biya gaba ɗayansu. Akwai Pioneer HPM-100, akwai Sansui mai fuskar katako kamar saƙa, akwai Wharfedale, sauran ukun ban san kansu ba. Jikinsu ya dafe, ga ƙarce, ga shatin kofi a saman wasu. Wani kafinta ya ce zai goge su da inji ya fesa musu banish mai ƙyalli, naira 25,000 kowane kashi. In ba shi aikin, ko in sayar da su haka nan?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a nema. Kada ka ba shi. Ba wai ina zargin hannun kafintan ba ne, aikin da ya ce zai yi ne bai dace da kayan ba, kuma a kan ukun da ka ambaci sunayensu zai iya cinye maka ribar da ka je Legas nema.

Dalili shi ne, waɗannan akwatunan ba gundarin katako ba ne kamar ƙofar maɗaci. Cikinsu filawud ne, ko kuma irin katakon nan da ake matse diddigar itace da gam. Kyakkyawan icen da kake gani a waje falle ne aka manna, na walnat ko na tik, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Injin guga kan cinye wannan fallen cikin ƙiftawar ido, musamman a gefe da kusurwa. Da zarar ya ɓulle zuwa diddigar da ke ƙasa, babu man da zai rufe shi, sai dai a sake manna sabon falle, shi kuwa wannan wani kuɗi ne daban da wani gwani daban. Banish mai ƙyalli ma matsala ce mai zaman kanta. Yawancin lasifikokin shekarun 1960 da 1970 da mai aka gama su, ko da siririn shafi maras walƙiya. Mai saye da ya san kaya, yana hango sheƙin nan zai gane an taɓa, sai ya fara rage farashi tun kafin ya ji sauti.

To wane ne wannan mai sayen? Nan ne ainihin maganar kuɗin take. Masu shigowa shagonka kullum, mai shayi da mai gidan kallo da yaran da ke kiɗan biki, ƙara suke nema da Bluetooth. Ba su da ruwa da icen walnat, kuma lasifikar falo ba ta jure aikinsu. Masu biyan kuɗi mai tsoka a kan irin waɗannan kayan mutane ne daban, masu tara tsofaffin kayan sauti da faifan garmaho, galibi a Legas da Abuja, kuma a shafin saye da sayarwa na Jiji da Facebook da Instagram ake samunsu. Su sun san cewa Pioneer ta fito da HPM-100 a 1976, sun san Bart Locanthi ne ya tsara ta bayan ya baro kamfanin JBL. Sun san Wharfedale tsohon gida ne na Ingila da Gilbert Briggs ya kafa a 1932. Son tsohon yayin ya dawo har kamfanonin da kansu sun waiwaya: JBL ta sake fito da L100 ɗinta ta 1970 a 2018, Wharfedale ma ta dawo da Linton a 2019, da akwatin katako irin na da. Abin da wannan kasuwar ke biya shi ne asali. Ƙarce ɗaya ko biyu ba sa damunsu kamar yadda sabon fenti ke damunsu.

Saboda haka ka daina kallon kayan a matsayin kashi shida na naira 70,000 kowanne. Ka ɗora mafi yawan uwar kuɗin a kan ukun nan masu suna, sauran ukun ka duba bayansu, ka karanta tambari da lamba, ka bincika a intanet. A eBay akwai wurin da ke nuna abin da aka riga aka sayar da farashinsa. Shi za ka duba, ba farashin da masu talla ke rubutawa ba, don kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Kada kuma ka juya dalar zuwa naira ka ce ga kuɗin kayanka. Kasuwar Amurka daban, tamu daban. Amfanin dubawar kawai ka san wanne ne babba a cikin kayanka, wanne ne ƙarami.

Kafin ka kashe ko sisi a kan katako, ka gwada sauti. Ka haɗa kowace da amfilifaya, ka sa ƙara ƙasa-ƙasa, ka kai kunnenka kusa da kowane bakin da sauti ke fitowa, babba da ƙanana, ka tabbatar duk suna magana. Ka duba zoben da ke kewaye da babban bakin. In na soso ne, shekaru kan ruɓar da shi har ya riƙa marmashewa a yatsa. Ana canja shi, amma kuɗi ne da ya kamata ya shiga lissafi tun yanzu. Ka kuma leƙa ko wani mai gyaran rediyo ya taɓa cire bakin asali ya sa na kasuwa. In haka ta faru, darajar ta faɗi, gyaran akwati ba zai ɗaga ta ba. Sai ka juya ƙasan akwatin. In ruwa ya taɓa shiga, katakon diddiga kan kumbura ya yi laushi, kuma ba ya komawa. Irin wannan ka sayar da ita yadda take.

Wani abu kuma: ba kowace mai kamar katako ce katako ba. Kamfanoni da yawa sun riƙa lulluɓe masu araha da leda mai zanen itace. Ka dubi kusurwar da ta ɓare, in ka ga tana ɗagowa kamar leda, ko zanen yana maimaita kansa, to sabulu da tsumma ne iyakar abin da take buƙata. Mai ba ya shigarta.

Waɗanda suka tsallake wannan binciken, aikinsu na hannu ne, yaron shagonka mai natsuwa zai iya in ka tsaya a kansa. Ku cire fuskar, wato murfin gaban lasifikar, ku ajiye gefe, ku rufe bakunan da kwali da salatif. Ku fara da tsumman auduga da ruwa mai ɗan sabulu, a matse shi sosai har ya zama danshi kawai, a goga bin tsawon zanen itacen, a bi da busasshe nan take. Za ka yi mamakin yawan abin da kake kira lalacewa alhali dauɗar shekara hamsin ce, hayaƙin taba da maiƙon hannu da tsohon man goge kujera. Inda ta ƙi fita, a ɗiga farin sifirit na masu fenti a tsumma, yana narkar da maiƙo ba tare da ya ci shafin ba.

Daga nan ka gano irin shafin da ke jiki, a baya ko ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ɗigon sifirit na asibiti in ya sa wurin ya yi danƙo, shafin da ake kira shalak (shellac) ne. In bai yi ba amma tina ta narkar da shi, shafin fesawa ne da ake kira lacquer. In babu wanda ya yi komai, kuma itacen ya bushe yana shan ɗigon mai, to gamin mai ne, kuma ka yi sa'a, don shi ya fi sauƙin farfaɗowa.

Shatin kofi iri biyu ne. Fari yana nufin danshi ya maƙale a cikin shafin, sau da yawa yakan tafi da ɗumin dutsen guga maras zafi sosai ta kan busasshen ƙyalle, daƙiƙa kaɗan-kaɗan ana ɗagawa ana dubawa. Baƙi kuwa ruwa ya riga ya isa itacen, sai an sa sinadarin oksalik, wanda ke haskaka wurin har ya bambanta da kewayensa. A ganina, baƙin shati ƙarami ka bar shi, ka nuna wa mai saye. Inda fallen ya ɗago, a tura farin gam irin Top Bond da bakin siririyar wuƙa, a goge rarar da ɗanyen tsumma, a shimfiɗa leda, a ɗora katako mai faɗi da nauyi ya kwana. Inda aka buge ya lotsa amma bai yage ba, ɗanyen ƙyalle da bakin dutsen guga kan kumburo da shi, sai dai a yi hattara, zafi mai yawa na sakin gam ɗin da ke riƙe da fallen.

In dole sai an sa samfefa, to da hannu, mai lamba 320, ko 220 in ƙarcen ya yi zurfi, a naɗe ta a guntun katako, a bi zanen itace, a guji gefuna. Za ka ji wasu na cewa a yi amfani da soson ƙarfe mai laushi. Kada ka yarda matuƙar bakunan na jiki. Maganaɗisun lasifika na jawo garin ƙarfen, in ya shige ciki sai ka ji tana ƙarƙara, ka gyara waje ka ɓata ciki. Soson roba mai laushi na yin aiki iri ɗaya.

Sai mai. Dafaffen man linsid da aka sirka da ɗan tafentain, ko wanda ake sayarwa a gwangwani da sunan Danish oil, wajen masu kayan fenti. A shafa kaɗan, a bar shi kamar minti 15, sannan a goge duk abin da bai shige ba har jikin ya daina kama hannu. Nan ne mutane ke kuskure, su bar shi jagab suna ganin yawa ne kyau, washegari su tarar da danƙo ya kama ƙura. A bar shi kwana guda, a sake sau ɗaya ko biyu. Idon itacen zai fito da kansa, ja-ja mai duhu, ƙananan ƙarcen su ɓace a ciki. Ban da man gyaɗa, ban da man ja, ban da baƙin mai, waɗannan ba sa bushewa. Ban da kuma man fesawa na goge kujeru, yawancinsu na da silikon da ke hana kowane shafi kamawa nan gaba. Tsummokaran da suka sha man linsid kuwa, kada a dunƙule su a jefa lungu. Suna yin zafi da kansu har su kama da wuta. A shanya su a buɗe a waje, ko a tsoma a bokitin ruwa. Wanda ke Sabon Gari ba sai an ba shi labarin gobarar kasuwa ba.

Ita Sansui, saƙar katakon fuskarta ce rabin kuɗinta. Buroshin fenti mai laushi kawai za a sa a kaɗe ƙurar, kada a wanke, kada a matsa. Tambarin kamfani da ke jikin kowace fuska ma a kiyaye shi, ɗan ƙaramin abu ne amma rashinsa na rage farashi.

Mu dawo lissafi. Tayin kafinta naira 150,000 ne, wato jarinka ya tashi daga 420,000 zuwa 570,000 kafin ka sayar da ko ɗaya. Aikin hannu kuwa gwangwanin mai ɗaya, gam, samfefa da tsumma sun ishi kashi uku har su yi saura, sai ladan yaro da kwanaki kamar bakwai na jira. Ƙa'idar da nake ba masu kayan hannu ita ce, kada ka yi gyaran da ba ka ga zai dawo maka da ninkin kuɗinsa ba. Ninkin ba haɗama ba ce, shi ke ɗaukar kwanakin da kuɗinka zai yi kwance, da la'adar dillali, da kuɗin mota, da ragin da mai saye zai nema ko ta yaya. Irin waɗannan kayan ba sa fita kamar caja da fitila, suna iya yin wata biyu ko uku suna jiran mai su. In da kuɗin wani ka sayo, ko akwai bashin da ke jiranka ƙarshen wata, ka sa wannan a gaba.

Shi ya sa nake ganin ka fara sakin ƙananan ukun, in bincike ya nuna ba wasu manya ba ne. Wanki kawai, ka sayar a nan Kano ko da riba kaɗan, kuɗin ya koma juyawa. Manyan ukun ka yi musu aikin hannu a natse, ka ajiye su a kan katako ba a kan siminti ba, nesa da rana, a rufe da zane. Bushewar hunturu na tsaga falle, laimar damina na kumbura ƙasa.

Wajen talla, ka ɗauki hoto kafin aiki da bayansa, a hasken rana, har da bayan akwatin da lambarsa, da ɗan bidiyon sauti. Ka rubuta abin da ka yi da abin da ka bari: an wanke, an shafa mai, an manne kusurwa ɗaya, akwai baƙin shati a sama. Ɓoye aibin kaya haramun ne, wannan ka sani, kuma a cinikin nesa shi ke jawo a dawo maka da kaya kai ne da biyan mota. Kada ka raba kashi ka sayar da guda, biyun tare suke da daraja. In za a tura Legas ko Abuja, HPM-100 guda ɗaya ta haura kilo 25, don haka a naɗe kowace daban, a kare kusurwoyi da kwali mai kauri, ku kuma yi magana da mai saye tun farko kan wanda zai ɗauki asara in ta fashe a hanya.

Sauran ukun da ba ka san kansu ba, turo mini hoton takardar da ke manne a bayansu kafin ka yanka musu farashi.