Amsa: Babban kamfani ya fito da manhaja irin tamu, mu karya farashi?

Ɗan'uwa, kar ku karya farashi. Babban kamfani zai iya cin asara shekara da shekaru, ku kuwa jarinku ba zai kai ba.

Dubi Slack, manhajar hira tsakanin ma'aikata. A Nuwambar 2016 Microsoft ya fito da Teams, manhaja irin ta Slack, Slack ya sayi shafi sukutum a jaridar New York Times yana masa maraba cikin zolaya. Hakan bai tsinana komai ba, domin a lokacin Teams yana zuwa ne cikin Office 365, kunshin manhajojin ofis na Microsoft da kamfanoni suka riga suka biya, wa zai sake biyan kuɗi kan abin da yake da shi? A 2020 Slack ya kai ƙarar Microsoft gaban Tarayyar Turai, kafin shekarar ta fita kuma aka sanar kamfanin Salesforce zai saye Slack.

Makon nan ku kira manyan abokan cinikinku goma, ku ji abin da zai sa su koma can. Ku ɗaure su da kwantiragin shekara guda. Ku riƙa ƙirga masu barin manhajar duk mako. In adadin bai haura ba cikin wata uku, ku ci gaba da tsarinku. Bin sawun duk abin da babban kamfanin ya ƙara a manhajarsa, lokacin injiniyoyinku kawai zai cinye.