A kori matashin koci ko a yi masa haƙuri idan baya na yoyo?

Tambaya: Kocin ƙungiyarmu bai kai shekara 40 ba. Gaba na cin ƙwallo, amma kusan kowane wasa sai an zura mana. A gidan kallo wasu na cewa a sallame shi, wasu na cewa a jira shi kamar yadda Arsenal ta jira kocinta Mikel Arteta. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ku ajiye maganar shekarunsa, ku ɗauko wasanni 10 na baya-bayan nan ku duba yadda aka ci kowace ƙwallo. Irin ƙwallon ce za ta nuna mai laifi.

Idan yawancinsu daga kwana ne ko bugun tazara, wannan aikin filin atisaye ne: wa ke tsare turken kusa, wa ke riƙe dogon ɗan wasansu, wa ke jiran ƙwallon da aka buge ta dawo bakin da'ira. 'Yan makonni sun isa a ga sauyi. Wata uku ana cin ku da kai a wuri ɗaya, to koci ba shi da uzuri.

Wadda ta fi nuna koci ita ce ƙwallon da ake ci daidai lokacin da kuka rasa ƙwallo a gaba. Lamba 2 da lamba 3, wato 'yan bayan gefe, duk sun hau, an bar 'yan baya biyu da lamba 6, ɗan tsakiya mai tsaro, shi kaɗai su tsare faɗin fili. Ƙungiya mai tsari takan bar mutum huɗu ko biyar a bayan ƙwallo ko tana kai hari. Sai kuma tazara: 'yan gaba na matsawa, 'yan baya na ja da baya don tsoron gudu, tsakiya ta buɗe. Daga ɗan baya zuwa ɗan gaba bai kamata ya wuce kimanin mita 35 ba. Ko ka sayo ɗan baya mafi tsada, a wannan ramin zai sha kunya.

Kuskuren mutum ɗaya, gola ya saki ƙwallo ko ɗan baya ya ba abokin hamayya, wannan sai kasuwar sayen 'yan wasa.

Masu kafa hujja da Arteta sukan manta da kuɗin da aka kashe masa. Ya karɓi Arsenal a Disamban 2019 yana da shekara 37, ya ƙare na 8 sau biyu a jere, ya buɗe kakar 2021/22 da shan kashi uku, har da 5-0 a hannun Manchester City. Amma an kawo Gabriel, Ben White, Saliba ya dawo daga aro, aka ƙara Declan Rice. An ci su ƙwallo 48 a Firimiyar 2021/22, a 2023/24 sai 29.

Chelsea kuwa ta nuna ɗaya ɓangaren. An zura wa ƙungiyar koci Frank Lampard ƙwallo 54 a Firimiyar 2019/20, aka kore shi a Janairun 2021. Sabon koci Thomas Tuchel ya zo, bai sayi kowa ba, ya koma 'yan baya uku, ya ɗauki Kofin Zakarun Turai a watan Mayu. A nan matsalar tsari ce, kuma jira ba zai gyara ta ba.

Ni a ganina, idan kuskuren ɗaiɗaikun 'yan wasa ya fi yawa, ku ba shi kasuwa biyu. Idan ramin tsakiyar nan ne yake maimaituwa tun farkon kaka har yanzu, masu cewa a sallame shi suna da hujja.