Amsa ga yarona kan injin anga da ke katse wuta

Yarona, na samu saƙonka cewa injin ɗaga anga da muka ɗaura wa jirgin Alhaji ya katse wuta har sau uku jiya da kuka fita gwaji ƙasa da gadar Kennedy ta Yamai, kuma kana neman izinin cire dizonktar ɗin, wato na'urar da ke katse wuta idan ta yi yawa, ka sa wanda ya fi shi girma. Ban ba ka wannan izini ba, domin dizonktar ɗin aikinsa ya yi, kuma da bai katse ba da yanzu muna maganar ƙonannen inji ko narkakkiyar waya a ƙarƙashin gadon da ƴaƴan mai jirgin suke kwanciya.

Matuƙin ya shaida mini cewa a kashe injin jirgin yake lokacin da kuka danna maɓalli, kuka bar injin anga yana jan jirgin gaba ɗaya zuwa inda angar take. Ka tuna a watan Janairu muke, lokacin da ruwan da ya taso daga tsaunukan Gine ya ratso Mali yake isowa Yamai, kogi ya cika yana gudu da ƙarfi ko da yake rabonmu da ruwan sama tun watan Oktoba. Jirgi mai ɗaki, mai nauyin tan 2, wanda ruwa ke tura shi baya, ya fi ƙarfin ɗan injin da aka ƙera don ya ɗaga sarƙa da anga kawai. Ƙa'idar ita ce a tayar da injin jirgi tukuna, matuƙi ya matsa gaba a hankali kai kuma kana naɗe sarƙar da ta yi sako-sako, har ta miƙe tsaye a ƙarƙashin hancin jirgi. Idan angar ta kafe cikin laka, sai ka ɗaure sarƙar a ƙarfen ɗauri na gaba, ka bar jirgin ya tumɓuke ta da nauyinsa, sannan ka ci gaba da naɗewa. Haka kuma idan an yada zango, a kan wannan ƙarfe nauyin jirgi zai zauna, ta hanyar guntuwar igiya mai ƙugiya, kada a bar shi a kan haƙoran injin.

Duk da haka ina so ka duba waya, saboda na san halinka da son lallaɓa abin da ya rage a shago. Injin angar nan wat 700 ne a kan bolt 12, wato yana jan kusan ampiya 60 idan ya ɗauki kaya, kuma yana zarce haka nesa idan ya cije. Batir yana bayan jirgi, injin yana gaba, tsakaninsu mita 8, amma wuta zuwa take yi ta dawo, don haka da mita 16 za ka yi lissafi. Waya mai kaurin murabba'in milimita 10 za ta zubar da kusan bolt 1.7 a hanya, alhali mai 25 ba za ta kai ga zubar da 0.7 ba. Injin da wuta ba ta isar sa yana tafiya da nauyi, yana daɗewa a kan aiki, yana zafi. Ka taɓa kowane mahaɗi bayan ya yi aiki na minti ɗaya. Wanda ka ji da ɗumi bai ɗauru ba. Shi kuwa dizonktar, a kusa da batir yake zama, kuma da girman da maƙeran injin suka ƙayyade, domin wayar yake karewa.

Na ga ka ƙosa ranar da muka ɓata yini guda muna yanka farantin ƙarfen da zai riƙe injin angar a ƙarƙashin daɓen jirgi. Shekarun baya na ɗaura irin wannan inji da washa huɗu kawai, wato ƙananan zobban ƙarfe, a bayan noti, saboda mai jirgin yana sauri zai kai baƙi ƙauyen Bubon. Bayan wata biyu ya dawo mini da daɓen ya tsage kamar ƙwarya, ruwa ya shiga ta ramukan ƙusoshi ya ruɓar da katakon da ke tsakanin fiba, har ina tura yatsa yana nutsewa. Ni na biya gyaran. Tun daga ranar nake cike gefen kowane rami da gam mai tauri kafin in sa ƙusa, kuma ba na huda komai sai na ja zare daga gargaren hancin jirgi da sarƙa ke bi ta kansa zuwa haƙoran injin na tabbatar sarƙa za ta shigo a miƙe. Sarƙar ma dole ta dace da haƙoran: mai milimita 6 ba ta zama a gurbin mai 8, kuma sarƙar ɗaure ƙofa ta kasuwar Katako tsalle za ta riƙa yi ko da kaurin ya yi daidai, tun da tsawon zobbanta ba ɗaya ba ne. A ramin ajiyar sarƙa kuma a bar mata zurfin faɗuwa na aƙalla santimita 30 a saman tarin, in ba haka ba ta taru ta toshe bakin.

Sauran kulawar ba ta da wuya. A wanke laka daga sarƙa kafin ta shiga rami, a buɗe kan injin angar a goge ƙurar hunturu a shafa giris, a riƙa cire kainuwar da ke naɗe farfela da matatar ruwan sanyaya inji. Idan damina ta kawo ruwa mai launin ja a watan Agusta, yashi yana cinye robar famfon ruwan sanyaya inji da sauri, don haka a ajiye wata a cikin jirgi.

Gobe bayan sallar asuba ka same ni a bakin ruwa da na'urar awon wuta da sifana mai lamba 13. Za mu auna bolt a bakin batir, mu sake aunawa a bakin injin yana cikin ɗaga anga, sannan mu san ko wayar za a canza.