Amsa ga mai ƙaton falankin maɗaci da ya murɗe

Salamu alaikum. Malam, ka ce falankinka na maɗaci ne, tsawo mita 2, faɗi santimita 90, kauri 8, kana so ka yi tebur amma ya murɗe, kana neman inda za a daidaita maka shi a nan Damagaram.

Kafin ka kira mai amalanke, yaushe aka yanka shi? In bai daɗe ba, kar a taɓa shi tukuna. Kafintoci kan ƙiyasta shekara guda ga kowane santimita 2 da rabi na kauri. Zafin garinmu yana rage lokacin, amma bushewar gaggawa ita ke tsaga katako, waje ya bushe, ciki yana nan da ruwa. Ka shafe bakinsa biyu da fenti mai kauri, ka ɗora shi kan sanduna a inuwa, iska tana bi ta ƙasa, ka kuma kare shi daga iskar hunturu.

Injin rabo na shago, wato mai fere fuskar katako, ba zai yi maka ba. Bakin yawancinsu bai kai faɗin naka ba, kuma ko ya shiga, injin danne katako yake yi yana bin siffarsa. Murɗaɗɗe ya shiga, murɗaɗɗe zai fito, sai dai kauri ya ragu. Wani zai ce a tsaga shi biyu a manne daga baya. Ana yi, amma to don me ka nemi guda?

Yadda muke yi, a kwantar da shi a daɓen siminti, a cusa 'yan guntaye a ƙasa har ya daina rawa. A ja zare biyu daga kusurwa zuwa kusurwa su gitta: in sun taɓa juna a tsakiya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, babu murɗewa. In da tazara, ka san kusurwar da ta ɗaga. A zana tudun da alli, a sare shi da gizago, sannan rabon hannu a karkace, ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ana dubawa. Masassaƙin da ya saba da itace mai tauri irin ƙirya, maɗaci ba zai ba shi wuya ba, sai dai jijiyarsa tana saɓawa, dole a wasa baki sosai, in ba haka ba ya yayyage. A fara share yashin da ya shige shi, yana dakushe ƙarfe.

Kar a cinye fuska ɗaya a bar ɗaya. A ɗebi kaɗan nan, a juya, a ɗebi kaɗan can, a bar shi mako guda ya huta kafin gyaran ƙarshe da samfefa. Ka sa ran rasa santimita 1 zuwa 2 na kauri.

Mai ko fenti, a shafa sama da ƙasa daidai. Ramukan kusoshin ƙafa kuma a yi su da ɗan tsawo ta faɗin katakon, don a Agusta zai kumbura, a Maris ya tsuke.